Littafin da ni kaɗai na iya karantawa

Gwaggo Barira, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Kwana biyar ke nan abinci ba ya shiga, maigidana har ya fara tambaya ko ciki ne da ni. Da ciki ne ai da sauƙi.

Ni 'yar Zariya ce, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Dubai, shekarata huɗu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Da aka dawo daga hutu a farkon watan nan, shugabarmu ta tara malamai ta ce an ja mata kunne daga sama a sa ido kan 'yan matan da ke kwaikwayon maza, waɗanda a nan ake kira boyat, da kuma duk wata ƙawance da ta wuce misali. Ni dai ban ga takarda ba, bakinta na ji. Daga ranar aka fara duba jakunkuna a ƙofar aji.

Akwai wata yarinya da zan kira Hamamatu, ba sunanta ba ne. Shekarunta goma sha shida, iyayenta mutanen zangon Kumasi ne, babanta direba ne a wani sito a unguwar Al Quoz. Duk makarantar ni da ita kaɗai ke jin Hausa. Kullum sai ta leƙo ɗakin gwaji ta gaishe ni, in tsokane ta da Hausarsu ta Gana, ta rama da cewa mu 'yan Nijeriya mun cika iyayi. Gashinta a aske yake ƙasa-ƙasa, yadda 'yan makaranta ke yi a ƙasarsu, ita kuma ta saba. Na sha gaya wa malamai haka, amma wata malama ta kafa mata ido. Ran Lahadi, da yake a nan ranar makaranta ce, aka zazzage jakarta, aka samu wani ɗan littafi mai koren bango cike da rubutun hannu. Aka juya shi gaba da baya, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya, don da Hausa ta rubuta.

To Gwaggo, kin ga inda na shigo. Shugaba ta kira ni ofis, ta miƙo min shi tana murmushi, ta ce tunda yarenmu ɗaya in fassara mata shi zuwa Turanci, in kawo bayan hutun Babbar Sallah. Ni kuma da rawar kaina na karɓa har da cewa ba damuwa. Wallahi na ɗauka waƙoƙi ne da shirmen yara, na ce bari in wanke ta kowa ya huta. A jirgin ƙasa na buɗe shi, kafin mu iso tashar Al Rigga na gane ba shirmen yara ba ne.

Yarinyar nan ta rubuta cewa zuciyarta na son wata 'yar ajinsu, irin son da ba na ƙawance ba. Ta ambaci sunanta, kuma waccan ba ta ma sani ba. Hamamatu ba ta taɓa kowa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Shafi bayan shafi roƙon Allah take ya cire mata. Ta yi azumin nafila a kai. A wani wuri ta ce ta ga a waya yadda 'yan sanda a Turkiyya suka watsa macin masu irin halinta da ruwan mesa a watan azumin da ya wuce, mutane na faɗuwa a titi. Ta ce in waɗanda suka fito su da yawa haka aka yi musu, ita da take ita kaɗai fa? Shafin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda ta ce wani lokaci tana fatan ta kwanta kada ta farka.

Ni ba malamar addini ba ce, amma na san abin da aka koya mana a kan wannan, kuma ban rubuto don in yi jayayya da shi ba. Abin da na sani shi ne in na fassara, korarta za a yi, a kira babanta a karanta masa a gaban mutane. Na taɓa ganinsa ranar iyaye, mutum mai kunya, ya zo da rigar aikinsa yana ta sunkuyar da kai. Ban san me zai yi ba, ban san ko maganar za ta tsaya a makaranta ba, kuma a ƙasar nan doka ba ta wasa da irin wannan. In kuma na yi ƙarya na ce girke-girke ne, unguwarmu Deira cike take da Hausawa, ko a yankin Al Buteen shugaba ta tsaya ta ɗaga littafin sai ta samu mai karanta mata. Ranar nan aikina ya ƙare. Maigidana ya rasa nasa aikin bara, shi da yaranmu biyu duk a kan bizata suke zaune.

Har na yi tunanin in hau kwalekwalen da ke tsallaka ruwan Deira in sake shi ya nutse, in ce ya ɓace. Maigidana ban gaya masa ba, na san zai ce in fassara in fita, 'yar wani ba za ta jawo mana komawa gida ba shiri ba. Ba zan ce ya yi ƙarya ba. Amma tun ranar da Hamamatu ta ga littafin a hannuna ba ta ƙara leƙowa ba. Tana wucewa ta ƙofa, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ina jin tsoro, Gwaggo, tsoron kaina da tsoron abin da za ta iya yi wa kanta. Yaya zan yi?

Malama mai fargaba, Deira

*

'Yata Malama,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Da farko ki daina dukan kanki kan karɓar littafin. Da niyyar alheri kika karɓa, kuma gara da ya faɗo hannunki da hannun wani.

Kin sa wa kanki hanya biyu, fassara ko ƙarya, ni kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Kada ki yi ƙarya, don ba hali ba ne, kuma kamar yadda kika ce, tana iya tonuwa. Kada ki jefa shi a ruwa, wannan zai sa a ce lallai akwai abin ɓoyewa. Kuma kada ki fassara. Yarinyar ba ta cuci kowa ba. Abin da ke ranta ta rubuta, da yaren da ta tabbata ba mai ji, tsakaninta da Ubangijinta. Addinin da ya koya mana abin da kika ambata, shi ne ya hana mu bin diddigin mutane da tona asirinsu. Ga kuma ɗaya yarinyar da sunanta ke ciki ba ta san hawa ba balle sauka, ita ma za a shafa mata.

Shugabarki ma tana da nata uzurin. Amanar 'ya'yan mutane ke wuyanta, ita ma wani take tsoro. Don haka ki je mata da ladabi, ke kaɗai, ki ba ta amsar abin da take da haƙƙin sani. Ki ce kin duba, littafin sirrin yarinya ne, yawancinsa addu'a, babu barazana ga wata ɗaliba, babu ƙwaya, babu wani laifi da aka aikata a makaranta. Duk wannan gaskiya ne. Ki ce ba za ki iya juya sirrin ɗalibarki kalma-kalma ba, ki roƙi a mayar mata da kayanta. In ta matsa, ki nemi ta ba ki umarnin a rubuce. Sau da yawa zafin shugabanni yakan sauka in aka zo sa hannu.

Ba zan ruɗe ki ba, tana iya jin haushi, tana iya neman wani ya karanta. Wannan ba ya hannunki. Saboda haka ki ɗauko takardar kwantiraginki ki karanta ta da kyau, ki fara sa kunne ko wata makaranta na neman malamar kimiyya. Maigidanki kuma yana da haƙƙin sanin cewa kina cikin matsala a wurin aiki, tunda zamansu ya rataya a kai. Ki gaya masa an sa ki tona sirrin ɗaliba kin ƙi. Abin da ke cikin littafin ba nasa ba ne, kuma ba na babanta ba ne a yanzu.

Amma duk wannan na bayan Sallah ne. Abin da ba zai jira ba shi ne shafin da ta ce kada ta farka. Kada ki ɗauke shi maganar yara. Yarinyar nan tana kwana tana tashi da tunanin cewa asirinta na hannunki, kuma ba ta san me kika yanke ba. Kada a tashi hutu ba ki gan ta ba. Ki kira ta gefe, ba wa'azi, ba tambayoyin ƙwaƙwa. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. In ta ce e, ki nema mata likita da sunan damuwa da rashin barci, wannan ya isa dalili, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Ki ba ta lambarki. Sannan ki faɗa mata da Hausa, a fili yadda ba za ta yi shakka ba, cewa kin karanta, ba ki tsane ta ba, kuma ba za a ji daga bakinki ba.

Allah ya rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa mata, ya tsare miki aikinki, ya sanyaya zuciyar yarinyar nan. A yi Sallah lafiya.

Gwaggo Barira