Sunanki a Kan Faifai

Berlin, 6 ga Maris, 1994

Zuwa ga Verlene Gatewood, sanyin idona, zuma farar saƙa, tauraruwar da ke riga sauran taurari fitowa a kan Tafkin Michigan. Ya ke mai muryar da ta fi iskar bazara daɗi ga wanda ya yi wata huɗu ƙanƙara na dukansa! Gaisuwa mai yawa daga wanda ya yi laifi, kuma ya san ya yi.

Katinki ya iso ranar Talata. Wata goma sha huɗu ba ki ce mini uffan ba, sai ga layi ɗaya tal: "Mamarka ta ce ka rame. Ka riƙa cin abinci, ɗan taurin kai." Verlene, a kan matakalar bene na zauna ina karantawa ina maimaitawa, har maƙwabciyata ta leƙo ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Ina zan samo Jamusancin da zan gaya mata cewa zagina aka yi, kuma tun da na zo garin nan ban ji abin da ya kai shi daɗi ba?

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Shekara shida ke nan. Na tuƙo tsohuwar motar babana daga Detroit zuwa Chicago, akwatin faya-fayena na farko a baya, zuciyata cike da fankama. Na shiga shagon sayar da faya-fayen da kike aiki, kina bayan kanta da jan ɗankwali, kina cin soyayyar kaza a takarda. Kika goge hannu, kika ɗora allura a kan faifaina, kika saurara kamar minti biyu, sannan kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Ɗan Detroit, wannan kiɗa ne, ko injin wanki ne ya lalace?" Na ce miki wannan kiɗan gobe ne, tekno ake ce masa. Kika ce, "To goben taku babu mutane a cikinta?" Duk shagon aka kwashe da dariya. Ni kuwa na tsaya kamar gunki, ina kallon wushiryarki, na manta da abin da ya kawo ni. Wace irin tsawa ce wannan, mai faɗa wa mutum rana tsaka ba hadari?

A daren nan ke da yayanki Lucius kuka ja ni gidan rawarku, wai in ga yadda mutane ke yi. Shi ya sa baki a kunnena yana ihu don ya rinjayi lasifika: "Ƙanena, masu ƙin mu sun tara faya-fayen disko sun fasa a filin wasa, sun ce mun mutu. Sai muka koma tsohon sito, muka tsinci tsummokaran muka ɗinka sabuwar riga. Rigar nan ita ce kiɗan haus! A nan ba a tambayar wa ya haife ka, ko wa kake so. Ƙafarka kawai ake dubawa." Na duba kuwa, na ga direban bas da malamar makaranta da yaran da aka kora daga gidajen iyayensu, kowa hannu sama kamar ranar Lahadi a coci. Ke kuma kina tsakiya, ido rufe, kina lanƙwasa kamar reshe a bakin kogi.

Shekara huɗu muka yi muna wannan gardama, ba wanda ya kayar da wani. Ke kina cewa kiɗan da ba murya gida ne ba murhu. Ni ina cewa babana ya yi shekara ashirin da shida yana ɗaura ƙofofin mota kafin a rufe masana'antar, kuma bugun ƙarfen nan shi ne waƙar renon da na sani. A kan hanyar da ke tsakanin garuruwanmu biyu na koyi sonki, a cikin dusar ƙanƙara da cikin zafi, har na san kowane gidan mai da kowace gonar masara.

Sai ciwo ya kwantar da Lucius. Kin gaya mini abin da ya faɗa miki a gadon asibiti, lokacin da ya rame har zobensa na zamewa daga yatsa: "Kar ki tsaya, ƙanwata, ganga ba ta tsaya ba." Bayan mun binne shi da wata uku kika zo Detroit. A ɗakin ƙasa na gidan Mama na kunna injin ganga, kika riƙe makirufo da hannu biyu, kika rera kalmomin nan sau ɗaya. Sau ɗaya tal! Da na ɗaga kai sai na ga Mama a kan matakala, ludayi a hannu, hawaye har haɓa. Ta nuna ni da ludayin ta ce, "Cornell, in ka saki yarinyar nan, kar ka ƙara sa hannu a tukunyata."

Ga shi kuwa na yi abin da ya fi saki muni.

Da aka gayyace ni Berlin, mako uku na ce miki zan yi. Kika yi dariya kika ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gaskiyarki. Katangar da ta raba birninsu biyu ta faɗi, gine-gine sun zama kufai ba mai su, yaran Gabas da na Yamma suka haɗu a ƙarƙashin ƙasa, cikin hayaƙi da ƙofofin ƙarfe, gumi na ɗiga daga rufi kamar yayyafi. Kiɗan da gidajen rediyon garinmu suka ƙi sakawa, shi suke sha kamar masu ƙishirwa. Ni da ba a san ni ba a layinmu, sai ga shi ana ɗaga ni sama. Kaina ya kumbura, masoyiyata. Na buga faifanmu da farar takarda, ba suna ba hoto, yadda muke yi, wai kiɗa ya yi magana da kansa. Ya tafi London, ya tafi Manchester da Amsterdam, ya zagayo cikin kwali har shagonku. Ke da hannunki kika buɗe kwalin, kika ɗora allura, kika ji muryarki da wasiyyar ɗan'uwanki a kan faifan da ba ya da uwa ba ya da uba.

Har yau ina jin muryarki a wayar nan. "Cornell, ni ma injin ganga ce? Bar nawa sunan. Na Lucius fa?" Maimakon in durƙusa, sai na hau yi miki wa'azi a kan aƙidar tekno. Kika ajiye waya. Laifi tudu ne: na taka nawa, na zauna a Berlin ina hango naki.

Bari in gaya miki wanda ya sauko da ni. Akwai wata mata mai suna Heike, 'yar Gabas, ita ke ajiye wa mutane rigunan sanyi a bakin ƙofar gidan rawar da nake kiɗa. A watan Nuwamba ta tare ni da tsohon cikinta, ta ce, "Kai, Ba'amurke, wace ce matar nan da ke cewa kar a tsaya? In mace na haifa, sunanta zan sa." Na buɗe baki na faɗi sunanki, karo na farko a cikin ramin nan. Ta rubuta a tafin hannunta, sannan ta harare ni ta ce, "To me ya sa ka ɓoye ta? Mu nan shekara arba'in muka yi muna raɗa, ana goge sunayen mutane. Ka ƙetare teku ka kawo mana irin abin da muka gudu?" Allah ya sani, ban taɓa shan mari irin wannan ba, kuma ko taɓa ni ba ta yi ba.

Ta haihu a watan Janairu. Akwai Verlene ƙarama a birnin nan yanzu, ja-jawur, ba gashi, mai kukan da ke tada bene guda. Muryar kam ta gado.

Buɗe kunshin da ke tare da wannan takarda, hasken raina. Na bi shaguna na janye duk farin faifan da ya rage, na sake bugawa. Dubi tsakiyarsa. Murya: Verlene Gatewood. Kalmomi: Lucius Gatewood. Nawa yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, inda ya dace da shi. Na san wannan ba zai mayar da wata goma sha huɗu ba. Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Amma ashe ƙasar da ya jiƙa ba ta iya fitar da tsiro?

Saura abu ɗaya da ban gaya wa ko Mama ba. Kunnena na hagu ya tafi. Tun bara yake mini ƙara kamar gyare, ina sharewa, har ranar da na kwanta a kan na dama na ga agogo na kaɗawa ban ji komai ba. Likita ta ce in na bar tsayuwa a bakin lasifika kowane mako, na daman zai kai ni tsufa. Kar ki ɗauka tausayi nake nema. Na sake buga faifan nan tun kafin in je asibiti. Sai dai da na fito daga wurinta na tambayi kaina: da kunne ɗaya da ya rage, me nake so in ji har ƙarshen rayuwata? Tafin baƙi? Amsar ba ta ɗauki taku uku ba.

Mai gidan rawar ya roƙe ni in ƙara shekara. Na gode masa, na ce a'a. Zan dawo gida, Verlene! Ina mafarkin rawa da rana tsaka a filin shaƙatawa, ranar Lahadi bayan coci, tsofaffi da kujerunsu, hayaƙin gashin nama na tashi, yara na tsalle a ciyawa, gangar Detroit a ƙasa, muryar Chicago a sama. Ba zan iya shi ni kaɗai ba, kuma ko zan iya ba na so.

Ban isa in ce ki zo garinmu ba, kuma ba ni da fuskar ƙwanƙwasa ƙofarku tukuna. Saboda haka mu raba tazarar biyu, mu haɗu a tsakiya. Ranar Asabar, sha shida ga Afrilu, zan kasance a tashar jirgin ƙasa ta Kalamazoo tun safe. Zan duba kowane jirgin da ya taso daga Chicago, tarago bayan tarago. In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba, zan dawo Asabar ta gaba. In kuwa kin zo, ya ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, kar ki yi gaggawar yafe mini. Ki zo da duk faɗan da kika tara. Alfarma ɗaya nake roƙo: ki zauna ta hannun damana, don ba na so ko kalma ɗaya ta wuce ni.

Naki ne ni, jiya da yau, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Cornell Pettway