Bututun Yaya Tolibjon ya cika mini ɗakin ƙasa da ruwa

Zarnigor opa, babbar yayata, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa, domin raina ya kai maƙura.

Ni bazawara ce, mijina Mirzohid ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Ya bar ni da 'ya ɗaya, Muhlisa, da gidan da ya gina da hannunsa, na ƙasa ne aka yi masa shafen siminti. A ƙarƙashin gidan akwai ɗakin ajiya irin na kowa: dankali, albasa, tuffa, kwalaben tumatir da kokwamba na lokacin sanyi. Bana kuma na sauke akwatin kayan auren Muhlisa a can, barguna da shimfiɗun auduga da na ɗinka da idanun nan nawa da suka fara gajiya, saboda bikinta yana nan tafe bayan an gama tsinkar auduga.

Katangarmu ɗaya da yayan mijina, Yaya Tolibjon, kuma ta ƙofarsa magudanar ban-ruwan layinmu take biyowa kafin ta iso tawa. Da ɗansa ya turo masa mota daga Rasha, sai ya ga ba ta iya tsallake magudanar ta shiga gida. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa aka jefa wani bututu siriri kamar hannun yaro, aka zuba kankare a kai. Duk ranar da layinmu ke da rabon ruwa, ganyaye da leda su toshe bututun, ruwa ya tumbatsa, ya bi gefen katanga ya zuba ta 'yar tagar ɗakin ƙasana.

Karo na farko na kwashe da bokiti na yi shiru. Na biyu dankalina ya ruɓe, wari ya hana mu cin abinci a tsakar gida. Wannan karon na sauka na tarar kwalabe suna yawo a kan ruwa, akwatin Muhlisa ya jiƙe sharkaf, bargon da mahaifiyata ta bar mini ya yi baƙin fumfuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali, bangon ɗakin ya fara kumbura yana zubowa, tsaga ta hau har ɗakin da nake kwana.

Na dafa shayi, na ɗauki burodi mai zafi, na je na gaishe shi da ladabi na faɗa masa. Ko kallona bai yi ba. Cewa ya yi: "Amarya, ke yaushe kika zama injiniya? Ruwa daga ƙasa yake ɓulɓulowa, duk garin nan haka ne. Je ki kula da tukunyarki." Ni da furfura a kaina, har yau amarya! Matarsa Oyjamol kuma ta bi ni har ƙofa tana cewa wai hassadar motar nake yi. Motar da hayaƙinta ke sa kajina tari, ita zan yi wa hassada?

Da na ce zan kai maganar wurin shugaban unguwa, sai ya aiko mini cewa ranar da matar ƙanensa ta kai shi ƙara, in nemi wanda zai tsaya wa Muhlisa a matsayin uba ranar ɗaurin aure. Kin san abin da wannan ke nufi a idon dangin ango. Yarinyar sai kuka take yi tana cewa in bar maganar. To in bari gidan ubanta ya rufto mana? Ni ban taɓa cutar da kowa ba. Ko kurangar inabin da marigayi ya dasa a jikin bangon, kullum sai na ba ta ruwa ta ƙoshi, don kada abin da ya bari ya mutu a hannuna. Yanzu ga shi ɗan'uwansa na ciki ɗaya zai rusa komai saboda tayoyi huɗu.

Me zan yi?

Mai ɓacin rai daga Margilan

*

'Yar'uwata, na karanta wasiƙarki raina ya ɓaci tare da naki. Dattijon da zai sa auren marainiya a gefe ɗaya, bututunsa a ɗaya gefen, ya yi abin kunya, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Magudana ta layi ce gaba ɗaya, ba gadon wani ba ce.

Amma ki bar ni in faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Ba duk maganarsa ce ƙarya ba. A yankinku ruwan ƙasa yana kusa, yana kuma tasowa lokacin ban-ruwa. Sannan inabin nan da kike shayarwa kullum a jikin bango, kina jiƙa tushen gidan da hannunki ne. Na san don ƙauna kike yi, sai dai bangon ƙasa ba ya jure danshi, ko daga wa ya fito. Ki rage ruwan, ki riƙa zuba shi nesa da bango, saiwar za ta nemo shi.

Ki fara da abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Kafin ki sake taka ruwan nan, a kashe wutar ɗakin daga sama. A kwashe ruwan, a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, in ya bushe a shafe shi da farar ƙasa. A gina wa tagar ɗan bango na bulo a waje yadda ruwa ba zai tsallake ba. Ki duba indararon rufinki: in a gindin bango yake zuba, a ƙara masa tsawo. Ƙasar da ke kewaye da gidan a cike ta, ta gangara waje ba ciki ba. Kayan abinci a ɗora su a kan kantoci, kayan Muhlisa kuma su bar ɗakin nan yau, ko da a kan gadonki za su kwana. Tsagar bangon kuwa kada ki liƙe ta da siminti ki ce an gama. Ki kira magini mai hankali ya duba, in ya ce ki bar kwana a ɗakin, ki bari.

Batun yayan mijinki, kada ki fara da ƙara. Kina da hanyar da ba zai iya ƙi ba. Kowa ya san kafin biki ana kiran gayya a share layi da magudana saboda baƙi. Ki je wurin shugaban unguwa a matsayin uwar amarya mai neman gayya, ki zaɓi ranar rabon ruwanku, ki ɗora babbar tukunyar shinkafa da karas da nama, ki roƙi Yaya Tolibjon ya jagoranci aikin tunda shi ne uba. Ke kada ki ce uffan. Maza da shebur a hannu za su tsaya a ƙofarsa su ga ruwa yana komawa baya. Abin da ya ƙi ji daga bakin mace, zai ji shi daga bakin tsaransa, kuma zai iya cewa shi ya ga dacewar a fasa a sa babban bututu da raga a bakinsa, ko a rufe da faifan kankare da ake ɗagawa a share. Ki bar masa yabon, ba shi kike nema ba.

In kuwa an yi haka ya kafe, to ki kai ƙararsa, kanki a sama. Kawun Muhlisa na wajen uwa ko limamin unguwa za su iya tsaya mata, surutun mutane kuma ba ya wuce 'yan kwanaki. Amma in bangon nan ya faɗi, mutumin da ya gina shi ba zai dawo ya sake ɗora shi ba.

Allah ya jiƙan Mirzohid, ya sa a yi bikin Muhlisa lafiya, ta fita daga gidan mahaifinta yana tsaye.

Zarnigor opa