Lambar Alwyn Ta Rabu

Litinin, 6 ga Mayu
Mai sassaƙa dutsen kabari ya sake kira, yana son rubutun Alwyn kafin Juma'a. Ai mijina bai bar mu cikin duhu ba, tun yana asibiti ya faɗa: 56,052,361, a ƙasa kuma "Ba ta rabuwa." Lambarsa ke nan. Ya gano ta tun muna koyar da lissafi tare a Hobart, kuma babu baƙon da ya sha shayi a gidan nan bai ji cewa babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta ba.

Talata, 7 ga Mayu
Merv, abokinsa na ƙungiyar lissafi, ya zo yana ta murza hula. Sai can ya ce, "Lorna, ki yi haƙuri, lambar nan fa tana rabuwa." Na ce, "Kai ma dai, Merv! Sai da ya mutu bakinka ya buɗe?" Ya ce 211 sau 421 sau 631. Ko ruwa ban ba shi ba.

Laraba, 8 ga Mayu
Na ninka da hannuna, na sake ninkawa. Ta fito cif. Kaico!

Alhamis, 9 ga Mayu
Raina a ɓace na yini. Na bi gwajin Fermat na gane lambar da ba ta rabuwa, wanda Alwyn ya dogara da shi. Duk lambar da na jarraba ta da ita sai ta haye lafiya, kamar marar rabuwa ta gaske. Ashe akwai 'yan tsirarun lambobi masu wannan rufa ido. Da ya zauna ya yi ta rabawa, da ya kama ta a 211, amma ina! Wai rabawa aikin 'yan firamare ne. Taurin kai kamar na jaki.

'Yata Bronte ta ce, "Mama, wa zai shiga maƙabarta da kalkuleta? A rubuta kawai." Ni zan shiga. Duk Lahadi zan tsaya gaban ƙarya da sunan mijina a kanta? In kuma na canza, na karya maganarsa ta ƙarshe. Gaba kura, baya sayaki.

Sai da na yi wa Alwyn faɗa a kicin, da ƙarfi, ni kaɗai.

Juma'a, 10 ga Mayu
Merv ya dawo, wannan karon ya samu shayi. Ya ce irin waɗannan lambobin sun fi marasa rabuwa wuyar samu nesa ba kusa ba, Alwyn ya tsinci abin da ya fi wanda yake nema bai sani ba. Na ce kada ya lallashe ni.

Na kira mai dutse. Na ce lambar ta zauna, amma a cire maganar "Ba ta rabuwa." Ya tambayi me zai sa a gurbinta. Na ce ya rubuta "Ya kusa." Sai wani sauti mai kama da dariya ya kufce mini. Tari ne, ina jin.