Irin Kuɓewar Inna

Yaya Hadiza, assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙurin rashin Inna?

Jiya a nan Fatakwal na kaɗa ragowar busasshiyar kuɓewar da Inna ta aiko mini. Ina cikin ci ƙaninmu Sani ya bugo, wai ya sayar da garkar da Inna ke shuka kuɓewa, gini za a yi. Na ce, "Ko arba'in ba a yi ba, Sani?" Na ture tuwon gefe. Amma shi ke ciyar da gidan cikin tsadar nan, ni ina gadin ƙofar wasu.

Don Allah kafin magina su zo, ki tsinko mini kuɓewar da ta bari saboda iri. Inda zan shuka ta, ban sani ba.

Ki gaida Baffa. A sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Habu