Tarin da Ban Ji Ba

Laraba da dare, Makera

Yau babur mai ƙafa huɗu na Oga Bitrus ya tona min asiri. Tun da aka sa masa sabuwar salansa da babbar matatar iska, mai ba ya isar injin. Sau uku ina sauya jet ɗin kafireto, ɗan bakin da ke tura wa injin mai, na gwada shi har Kakau, na ce ya yi daidai.

Da ya zo ɗauka, yana tayarwa ya dube ni. "Malam Isa, ba ka ji yana tari ba?"

Wallahi ban ji ba. Shekara talatin da kunne nake gyaran inji. Na roƙe shi ya bar min zuwa jibi, alhali na san jibin ma ba zan ji ba. Ko matata na kasa gaya wa cewa kunnena ya fara daina ji.