Takardar Adana Wake

Laraba da dare, Kazaure.

Murna ta hana ni barci. Da safe na ƙudura daina rubutu, tunda sharhina na siyasa duk ya koma ƙunshin ƙosai. Da rana a Kanya Babba, a rumfar wani dattijo mai sayar da hatsi, sai ga takardar da na rubuta ina sabon malami, kan adana wake a jarka don kada ƙwari su ci. An yi ta kwafarta har sunana ya goge. Ya miƙo min ita, ya ce, "Malam, ku 'yan boko irin wannan za ku riƙa rubutawa, ba surutu ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ban tona kaina ba. Alƙalamina dai ya tsira.