Surukina Ya Shiga Gabana a Rafi

Uwargida Kiyoe,

Ina karanta shafinki a jarida. Ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa. Waɗanda za su gane maganata duk suna kwance a maƙabartar bayan gari. Abokina Genzo ne kaɗai ya rage, shi kuma ya kurumce. Ki yi haƙuri da rubutuna. Makaranta ba ta gan ni sosai ba, lokacin da sa'o'ina ke aji ni ina daji muna ƙona gawayi da mahaifina.

Shekarata saba'in da tara. Tun ina yaro nake fatsar iwana, kifin ruwan sanyi, a rafukan kwarinmu, da sandar gora, da zaren gashin wutsiyar doki da nake tufkawa da kaina, da ƙuda ɗaya tak na gashin kazar daji da nake ɗaura wa ƙugiya. Kayana ke nan, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

'Yata Chizuru ta auri wani ɗan Tokyo mai zaman ofis, Naoyuki. Ban ce mugu ne ba. Da mugu ne ma da na san yadda zan yi da shi. Wai shi ma ya shiga harkar kifi. Sai ki gan shi da wandon roba har ƙirji, da 'yar shara mai aljihu ta ko'ina, da akwati cike da ƙudaje kala-kala, kowanne da sunansa na Turanci, kamar iwana ya taɓa shiga aji. Har ma'aunin zafi yake tsoma wa kogi, sai ka ce kogin ne ya kai masa kukan zazzaɓi. In ya yi sa'a ya kama ɗaya, sai ya ɗauke shi hoto, ya ce masa na gode, ya sake shi. Ni in na kama, gishiri nake barbaɗawa in gasa in ci, in bar na gobe a ruwa. Shi ya huda wa kifi baki don wasa, amma ni ake yi wa kallon marar tausayi.

Bazarar bana kin san yadda take. Ruwa ya ja, duwatsun da ban taɓa ganin bayansu ba sun fito, babban kogi ya yi ɗumi kamar ruwan wankan da aka manta. Kifi ya lafe a gindin duwatsu, in ba da sassafe ba ko kallon ƙuda ba ya yi. Surukina ya tsoma abin nasa ya ce, "Baba, ruwan nan ya wuce kima, in rana ta ɗaga gara a bar su su huta." Na ce, "Sannu likita. Ni da hannu nake aunawa tun uwarka ba ta yi aure ba."

Wuri ɗaya ne ya rage da sanyinsa. Akwai wani rafi can sama, bayan magangarar ruwa, ba zan faɗi sunansa ba ko ke ce. Da can babu kifi a cikinsa. Mahaifina ne ya zuba ƙananan iwana a bokitin katako, ya goya a baya, ya hau da su yana canja musu ruwa a hanya. Jikokinsu ne a ciki har yau, kuma ni kaɗai na san hanyar. Duk shekara ina hawa sau ɗaya kafin a rufe fatsa a ƙarshen Satumba, in kamo kaɗan, in dawo in tsaya a kan kabarinsa in gaya masa suna nan. To bara na ɗan zame a kan wani dutse a rafin ƙasa. Zamewa ce, ba faɗuwa ba, Chizuru ce ta mai da ita labari. Tun daga nan ta kafe, in dai zan hau sama sai da mijinta.

Da suka zo Obon, bikin tunawa da magabata, na ce to, bari in gwada shi a rafin ƙasa tukuna. Na ce ya same ni a can bayan ya karya. Na ajiye mota a bakin gada, na yanko ɗanyen reshe na ɗora a kan dutsen mashiga. Kowa a kwarin nan ya san ma'anarsa: akwai mutum a ciki, nemi wani rafin. Fatsar iwana hawa ake yi, wanda ya riga shiga shi ke da duk ruwan da ke gabansa. Shiga gaban mutum sare masa kai ne, haka muke ce masa. A kan wannan Genzo da ƙaninsa suka daina ga-maciji har ƙanin ya mutu.

Ranar na jefa ƙuda a duk gurbin da na sani, ko motsi babu. Can sai ga sawun takalmi jiƙe a kan dutse, ruwa kuma ya ɗan gurɓace. Ina karya kwanar da dutsen nan na bara yake, sai ga surukina zaune. Sandarsa ma tana cikin jaka bai haɗa ba, ya ɗaure wata jar igiya a jikin bishiya ya sako ta kan dutsen. Ashe ta hanyar masu yankan katako ya zagayo ya faɗo gabana, ya tattake ruwa kamar saniya, ya kore mini kifin rafi guda. Ya miƙe yana washe baki, "Ina kwana Baba, ga igiya, dutsen da santsi." Na ce, "Kai wa matarka ta yi shanya." Na naɗe zarena na juyo gida.

Tun ranar ban yi masa magana ba. Ya durƙusa har goshinsa na taɓa tabarma, wai bai san al'adar ba. Mutumin da ya haddace sunayen ƙudaje da Turanci ne bai san wannan ba. In na kai irinsa rafin mahaifina hoto zai ɗauka, kafin wata ya zagayo motocin Tokyo sun cika gada.

Yanzu Chizuru ta ce in na hau ba da shi ba, ba za ta ƙara taka gidan nan ba, makullin motar ma za ta ɗauke. Ita kaɗai gare ni tun da uwarta ta rasu. Ni kuma na yanke zan hau ni kaɗai kafin a rufe, ko da ƙafa ne. Ki gaya mini yadda zan shawo kanta ba tare da na rasa ta ba. Kada ki ce in yafe masa, kowa ya riga ki faɗa.

Tsohon Kwari

Baba,

Ba zan ce ka yafe ba, tunda ka hana. Surukinka ya yi laifi. Na tambayi masu fatsa, duk sun ce shiga gaban mutum cin fuska ne, rashin sani kuma ba zai dawo maka da safiyar da ya ɓata ba. Tsoron hoton ma da gaskiyarka, rafuka da yawa ta haka suka ƙare.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Kai ka rubuta cewa sandarsa na cikin jaka, mai son ƙwace maka ruwa kuwa ba ya barin ta a can. Dutsen nan ne ya kai shi. Wauta ce, ba raini ba. Batun ɗumin ruwa kuma, kai da hannunka shi da ma'auninsa abu ɗaya kuka gano, haushinka kawai daga bakinsa maganar ta fito.

Lallashin Chizuru kam ba zan taya ka ba. A ce gwiwa ta ci amanarka a bayan magangarar nan kana kai kaɗai, me zai biyo baya? 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da samarin gari za su hau nemanka da manyan takalmansu, su bi cikin ruwan suna kiran sunanka. Washegari jarida, wannan da kake karantawa, ta buga sunan rafin har da taswira. Abin da mahaifinka ya goyo a bayansa zai tonu yadda surukinka ba zai iya tona shi ba, ko hoto nawa ya ɗauka.

Ka kira shi da kanka, ba ta bakin 'yarka ba, ka gindaya masa sharaɗi. Waya a mota za ta zauna. Akwatin ƙudaje ya tsaya gida, ka ba shi ɗaya na hannunka. Sunan rafin ba ya fita daga bakinsa. Ku fara da rafin ƙasa. In ya karya sharaɗi, ka sami hujjar da ko Chizuru ba za ta musa ba, sai a haƙura da hawan bana, amma ba dai kai kaɗai ba. Jar igiyar kuwa a tafi da ita.

Sannan ka koya masa al'adar da bai sani ba: kai a gaba, shi a baya, ba ya wuce ka ko da taku ɗaya. Za ka ga ya yarda ba musu, don dama a bayanka 'yarka take so ya tsaya tun farko.

Ina yi maka fatan ruwa mai sanyi da gwiwa mai ƙarfi, ka sauko da ƙafarka ka je ka gaya wa tsohonka suna nan.

Kiyoe